Kifin da Na Karya wa Ƙaya

Bamako

Kwana uku da barin Maradi na sauka a tashar Bamako, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi fita, amma bakina bai mutu ba. Sunana Habsu, ɗiyar masunci ce ni daga bakin tafkin Madarumfa. A jakata akwai takardar jami'a da wasiƙar gayyata zuwa wani ɗakin binciken kifin teku a Dakar, sitaj, wato koyon aiki, na wata shida. A ƙasan wasiƙar an rubuta cewa watan farko na gwaji ne, wanda bai gamsar ba a sallame shi. Na karanta layin nan sau ɗaya na yi dariya. Ni da na yi rarrafe a gindin bandar Inna, na koyi ƙirga da tarwaɗa, wa zai sallame ni a kan kifi? Abin da ban yi wa dariya ba shi ne, in babu sa hannun mutanen can, karatuna na shekara biyu bai kammala ba, kuma Baba ya riga ya gaya wa duk mai jirgi a bakin tafki cewa ɗiyarsa ta tafi auna kifin teku.

Ina tsaye ina waya da Inna, ina faɗa mata na iso lafiya, sai na ji an ce a bayana, "Ƙanwata, mutuniyar ina ce?" Hausa ce irin tamu, ba ta rediyo ba. Wani dogo ne da farar taguwa tas, ya ce shi ɗan Tibiri ne. Ya san kasuwar Gabi, ya san kaburburan waliyyan da ke kewaye da tafkinmu, har ya tambaye ni ko ruwa ya cika bana. Kwana uku Zabarmanci da Mosanci da Bambaranci suna wuce ni ta kunne, sai na ji zuciyata ta sauka. Ya karɓi jakata, ya kori ƴan kamasho, ya ce in zauna a inuwa, mace ba ta shiga irin wannan layi. Ya dawo da tikiti, ya ce motar kai tsaye take zuwa Dakar, ya zaunar da ni a kujerar taga, ya ce in na yi waya in gai da mutanen gida. Har addu'a na yi masa.

Kayes

A Kayes motar ta ƙare. Direba ya kashe inji, kowa ya sauka da kayansa, ni kaɗai na rage a kujerar taga ina jiran Dakar. Da na nuna tikiti, sai aka nuna mini da yatsa inda aka rubuta Kayes, ƙanana, a ƙarƙashin hatimi. Mai digiri guda, ban karanta ba. Asarar ba ta ci mini rai ba kamar yadda ya ci mini rai cewa da harshen uwata aka yi mini ita.

Na san zafin bazara a Maradi, amma na Kayes yayansa ne. Na ja jakata zuwa inuwar wata rumfa inda wata mata ke soya kifi. Ita kaɗai ce, masu saye sun yi mata cincirindo, ga kwano cike da ɗanyen kifin kogi ba wanda zai gyara. Da na leƙa kwanon sai na ga ƙurungu, irin namu sak. Ban ce mata komai ba, don ba mu da harshen da za mu ce. Na ajiye jaka, na naɗe hannun riga, na ɗauki na farko, ƙas, ƙas, ƙas, na karya ƙayar baya da na haƙarƙari biyu na jefa a wuta.

Haka ake yi a wurinmu. Ƙurungu ba ya wuce hannun farko da ƙayarsa. Wanda ya fara taɓa shi shi ke karyawa, ya jefa a wutar banda don kada mai tafiya ba takalmi ya taka. Miƙa wa wani kifi da ƙaya, balle wanda ya girme ka, rashin tarbiyya ne, kuma a unguwarmu na san gidaje biyu da suka yi damina guda ba sa gaisawa a kan haka. Ba da baki ake koya wa yaro ba. Dundu ɗaya Inna ta yi mini ina shekara shida, ban sake mantawa ba.

Matar nan hannuna ta kalla, ba fuskata ba, sai ta turo mini kujera da ƙafa. Kwana biyu na yi a rumfarta, ta ciyar da ni, ta ba ni tabarma. A na uku da safe ta kama ni a wuyan hannu ta kai ni wurin wani direba, da alama ɗan ɗan'uwanta ne, ta yi ta yi masa magana da ƙarfi har ya ɗauki jakata da kansa. Ta ƙunsa mini soyayyen kifi a takarda. Ban san sunanta ba har yau. Na bar Kayes ina ƙara yarda cewa ko kaina ya yi kuskure, hannuna ba ya yi.

Dakar

Ranar da na fara ganin teku na aika wa Baba hoto. Ya dawo mini da saƙon murya yana tambaya ko ana hango ƙetare. Na ce ba a hangowa. Ya ce to ruwan da ba a hango ƙarshensa a ba shi girmansa.

An ba ni ɗaki a bayan labo, wato ɗakin binciken. Shinkafa da rana, shinkafa da yamma, na yi kewar fura har ina jin ƙamshinta a hanci in na rufe ido. Mutanen unguwar masu kirki ne, amma Wolof suke yi, in na amsa da Faransanci sai su yi murmushi su ci gaba da nasu. Ranar Juma'a ce ta fi wuya, lokacin da a gida Inna ke kwaɗa zogale mu kewaye kwano.

Shugabar labo Madam Sar ce, gajeriya, siririya, da tabarau rataye a wuya da igiya. Ba ta da yawan magana kuma ba ta maimaitawa. Ɗakinta kantoci ne daga ƙasa har sama, cike da kwalaben kifi a cikin alkol, ruwan da ke hana shi ruɓewa, kowace da ƴar takarda a ciki da aka rubuta da fensir. Ranar farko ta zuba mini kifi shida a tire, jajaye, masu ƙaton kai, munana kamar an taka su, ta tambaye ni iri nawa ne. Ban ko sunkuya ba na ce iri ɗaya ne, uba da uwa da ƴaƴa. Ta ce iri uku ne, ta miƙo mini hantsaki.

Raskas ake kiransu a kasuwa, ni kuwa na sa musu kunamar teku. A littafi dangin sunansa Scorpaena, kuma Madam ta ce ire-irensa sun haura sittin a tekunan duniya, wasu daga cikinsu a nan gaɓar Senegal. Duk suna kwanciya a kan duwatsu suna jiran abinci ya zo musu, duk suna da ƙaya goma sha biyu a baya, kowace da dafi a jikinta. Launi kuwa maƙaryaci ne, kifi ɗaya yana iya yin ja a nan ya yi ƙasa-ƙasa a can, in ya shiga alkol duk su koma launin tsohuwar tabarma. Sai dai a duba inda ba ya ƙarya. A ƙeya akwai wani ɗan rami, na wani mai zurfi, na wani da ƙyar. A ƙirji, irin da ake kira laevis yana da ɓawo, sauran biyun da ke tiren tsirara suke. A ƙarƙashin haɓa, na biyun, scrofa, yana da ƴan zare-zaren fata da na sa wa suna gemu, na ukun kuwa, notata, haɓarsa sumul, sai ƙaton ido da baƙin tabo a tsakiyar ƙayoyin baya. Daga nan a ƙirga ƙasusuwan fiffike, a auna, a rubuta.

Na ji kunyar ranar farko, amma ba ta kwana biyu ba. Aikin nan ba baƙo ba ne a wurina. Baba yana raba ƙurungu iri-iri da hannu a cikin ruwa mai laka, bai ga komai ba, ya faɗi sunan kowane kafin ya fito da shi. Abin da Madam ke yi ke nan, ita dai da Latin da ma'auni. Sauran ƴan sitaj biyu suna lalube da littafi a buɗe, ni kuwa in na shafa kifi daga ƙeya zuwa haɓa na gama. Kafin sati uku har na fara gyara musu, kuma ban yi da tawali'u ba, gaskiya. Madam ba ta yaba, amma ta daina duba bayan aikina, na kuma gane abin da hakan ke nufi.

A sati na uku ne ta tafi taro na kwana biyu a arewacin ƙasar. Ranar Juma'a da rana ta kira ni a waya ta ce wani tsohon masunci, Pa Ablay, zai kawo kifi cikin ƙanƙara, in karɓa in sa a firigo, wato firij, akwai guda ɗaya a ciki da take son gani da idonta. Sauran ƴan sitaj sun riga sun watse. Tsohon ya zo, ya sauke akwatin, ya nuna mini wani ƙarami da ya naɗe daban a jiƙaƙƙen tsumma, ya tafi.

Duk satin nan uku kifin kwalba nake taɓawa, wanda ya daɗe da sandarewa. Wannan ne karo na farko da ɗanye ya zo hannuna, ƙayoyi a miƙe suna ƙyalli. Na tuna yatsun Madam, sirara kamar tsinken tsintsiya, da yadda take ɗaukar kifi ba safar hannu. Ni ce hannun farko, ita kuma a shekaru ta haife ni. Kada a ce ban yi tunani ba, na yi, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na ce ai ita da bakinta ta ce duk sha biyu ne. Na ƙirga na kowane, sha biyu, na rubuta a littafi da kyakkyawan rubutu. Sannan na ɗauko almakashin ƙarfe na bi su ɗaya bayan ɗaya, har na cikin tsumman, na datse ƙayoyin daga tushe tare da fatar da ke tsakaninsu. Na wanke kifin, na jera a firigo, na kwashe ƙayoyin na kai murhun gawayin mai gadi na tsaya har suka ƙone. Na koma ɗaki ina jin daɗin kaina, ina cewa Litinin Madam za ta ga tarbiyyar Madarumfa.

Ta gani. Ta buɗe firigo, ta jawo tiren, ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. Ta ɗauki ƙaramin ta juya shi a tafin hannunta. Da ta yi ihu da na fi so.

"Wa ya ce ki taɓa?" ta ce.

Na yi mata bayanin al'adarmu, tiryan-tiryan, har da dundun Inna. Ta saurara har na gama. Sannan ta fito da wayarta ta nuna mini hoton da aka turo mata daga bakin ruwa, dishi-dishi, an ɗauka da jiƙaƙƙen hannu. Ta ce shekara da shekaru masunta na ba ta labarin wani ƙaramin raskas na can ƙasan duwatsu, jikinsa kamar notata, haɓa sumul, amma ƙayoyinsa na gaba sun fi tsawo kuma tabonsa ba a inda aka saba yake ba. Ba ta taɓa riƙe shi ba sai yau. Ko notata ne da ya fito daban, ko iri ne da ba a taɓa rubutawa ba, amsar tana cikin tsawon ƙayoyin da fatar da ke tsakaninsu. Ana iya aika tsokarsa a gwada, in ji ta, amma ba wanda ke raɗa wa kifi suna da hoto mai hazo da gangar jiki ba baya. Ta tambaye ni inda ƙayoyin suke. Na ce na ƙone.

"Wannan ba na miya ba ne," ta ce. "Saura kwana tara wata ya cika. Ba zan sa hannu ba."

Bakin nan nawa bai bar ni ba. Na ce in na kawo mata wani fa? Ta ce ita ta yi shekaru tana jira, in ina ganin kwana tara sun ishe ni, ba ta hana ni ba. Ta sa kifin a kwalba ba takarda, ta ɗora a kantar sama.

Na yi kuka ranar, na kunya da na tsoro. Na hango kaina ina sauka daga mota a Madarumfa wata ɗaya da tafiya, masu jirgi suna yi mini sannu da zuwa suna kallon ƙasa. Inna ban iya gaya mata ba. Baba na yi wa saƙo, na faɗi komai. Bai lallashe ni ba, ba halinsa ba ne.

"Ke ɗiyata, a gida kin yi daidai, a can kin yi ɓarna, shi ke nan," ya ce. "Kihin nan, bisa dutsi yake kwana ko cikin laka? Mi yake ci? Wanda ya kamo shi ya san gidansu. Tahi wurinshi, ki bar kuka."

Wakam

Pa Ablay a Wakam yake ajiye jirginsa, a wani lungun ruwa ƙarƙashin tsauni. Da ƙugiya yake kamu, shi da wani abokin aikinsa mai riƙe inji. Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba, Wolof ɗina bai kai nan ba. Na nuna masa hoton, na nuna teku, na nuna kaina. Ya girgiza kai. Ba ya ɗaukar mace, balle baƙuwa.

Sai na zauna a bakin ruwa. Kafin azahar labari ya zaga cewa akwai ƴar Nijar mai neman ƙaramin raskas da ƙayarsa, aka yi ta kawo mini kowane jan kifi, kowa na rantsuwa shi ne. In na shafa na mayar, su yi tsaki. Kwana huɗu haka. A na biyar na tarar da Pa Ablay yana fama da ɗaurin ƙugiyoyi, idonsa ya yi rauni, igiyar na kuɓuce masa. Na zauna gefensa na jawo kwandon. Ɗaurin mamari ne, doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi, irin wanda nake yi wa Baba tun ina firamare. Ya ɗauki ɗaya ya ja da haƙori, bai kwance ba. Ya bar mini kwandon. Kashegari ma na ɗaure, da wanda ya biyo. A rana ta takwas da safe ya nuna mini tsakiyar jirgi da haɓa.

Ni da nake cika baki da ruwa, kafin mu bar lungun na fara amai. Tafkinmu kwance yake, wannan kuwa tashi yake ya zauna. Abokin aikin yana dariya a ɓoye, Pa Ablay ya miƙo mini ɓawon lemo in shaƙa. Muka tsaya inda ya daidaita wani dogon gini da kan tsauni, yadda Baba ke daidaita kuka da hasumiyar masallaci in zai koma inda ya bar taru. Suka saki igiya mai nisa. Kifi ya yi ta fitowa, ba nawa. Rana ta take, na bushe, na daina ko ɗaga kai.

Sai na ji tsohon ya yi gyaran murya. Kifin da ya jawo ƙarami ne, ja, ƙayoyin gaba dogaye, ga baƙin tabo. Ya kuɓuce daga ƙugiya ya faɗo cikin jirgi yana bugun katako da baya. Abokin aikin ya ɗaga kulki. Na san in ya buga, ko in kifin ya ci gaba da wannan birgima, ƙayoyin sun tafi. Babu tsumma kusa. Na kai hannun dama na danne shi.

Ƙurungu ya sha sukata, kunama ma ta taɓa harbina a rumbun Inna. Wannan daban ne. Ƙaya biyu suka shiga tafin hannuna, zafin ya hau har hammata kamar ana ɗura mini tafasasshen mai a jijiya. Babban yatsana ya tafi da kansa gindin ƙaya zai karya, na ji shi yana tafiya, na tsayar da shi. Na ɗaga kifin a hankali na zare hannuna daga jikinsa, ƙayoyin suka fito lafiya, na sa shi a ƙanƙara, sannan na ba kaina izinin yin kururuwa.

Pa Ablay ya yanke kamun ranar ya juya jirgi. A bakin ruwa ya karɓi butar wata mai sayar da kofi, ya juye ruwan zafi a bokiti, ya surka kaɗan, ya kama hannuna ya tura ciki ya riƙe. Ashe zafi ne maganin dafin. Yana riƙe yana yi mini faɗa da Wolof, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane duka, don irin faɗan Baba ne. Hannun ya kumbura ya yi suntum. Ni kuwa ina hawaye ina murmushi, na ci nasara a rana ta takwas cikin tara.

Da zafin ya fara sauka na jawo akwatin da hannun hagu, don in ƙara kallon abina. Na shafa ƙeya, ga rami. Na shafa ƙirji, ba ɓawo. Na kai yatsa ƙarƙashin haɓa, sai na ji wani abu ya motsa. Na sake shafawa daga baya zuwa gaba. Gemu ne, ƙanana ƙwarai, kwance a jikin fata, ido ba ya ganinsu sai an tayar. Wancan da na lalata na wanke shi da hannuna, haɓarsa sumul take. Wannan ɗan scrofa ne da bai girma ba, irin da ke cike da kasuwa.

Zan faɗi abin da ya zo mini, tun da na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya. Farce ɗaya ya isa. In kankare gemun nan, kifin ya koma daidai da hoton, ga ƙayoyi, ga tabo, ga hannuna a kumbure yana ba da shaida. Na san yadda ake cire abu daga jikin kifi ba a bar alama ba, ai gwanintata ce. Na zauna da yatsa a haɓar nan har ruwan bokitin ya huce. Na tuna masu jirgi, na tuna shekara biyu. Ba zan ce tsoron Allah kaɗai ya riƙe ni ba, ko da yake yana ciki. Girman kaina ma ya taimaka. Na zo Dakar ne in nuna na san kifi, kuma yanzun nan na san wani abu da ba wanda ya sani a duk bakin ruwan. In na kankare, na zubar da shi da hannuna. Na rufe akwatin.

Rana ta tara na shiga labo da hannu a naɗe, jakata kuma a ɗaure a ɗaki. Na ajiye tiren gaban Madam. Ta ga ƙayoyin, ta ga tabon, ta miƙa hannu tana neman ma'auni.

"Madam, ba shi ba ne," na ce. "Ɗan scrofa ne. Duba haɓarsa."

Ta juya shi ta duba, ta ce ba ta ga komai ba. Na ce ta shafa daga baya. Ta kai shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ɗiga ruwa, ta tayar da gemun da bakin allura. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago ta tambaye ni da me na gani, na ce da yatsan hagu. Ta kalli hannun da ke naɗe, ta tambaya ko an sa a ruwan zafi, na ce an sa. Ta ce ita da ido da ta ce shi ne, aƙalla har zuwa yamma.

Ta tashi ta je ƙarshen ɗakin, ta tsaya gaban wata kanta mai ƙura, cike da ƙananan jajayen kifi da aka tara tun kafin ta zo wurin. Ta ce duk an rubuta musu notata, kuma ta daɗe tana zargin ba duka ba ne, sai dai ba ta da lokaci. A fito da kowane, a shafa, a auna, a sake rubutawa.

"Aikin wata biyar ne," ta ce. "Ki bari hannun ya sace tukuna."

Na kwance jakata. Na yi wata biyar ɗin a gaban kantar nan, kuma zarginta ya tabbata, na tsamo ƴaƴan scrofa da dama da suka yi shekaru suna amsa sunan da ba nasu ba. Na koyi Wolof na cin abinci da na faɗa. Duk Asabar ina Wakam ina ɗaure wa Pa Ablay ƙugiya, duk fitar da zai yi kuma yana sakin igiya a wurin nan saboda ni. Ba a sake kamo irin wancan ba. Yanzu ina gida, ina aikin rubuta kifayen tafkinmu, Baba na faɗin suna ina aunawa, an ce mini Pa Ablay ma ya daina fita teku.

Ranar da zan taho, bayan ta sa hannu a takardata, Madam ta hau kujera ta sauko da kwalbar nan daga kantar sama. Ta ba ni fensir da ƴar takarda ta ce ni zan rubuta, don duk wanda ya buɗe kwalbar nan gaba yana da haƙƙin sanin abin da ya faru. Ta faɗa ina rubutawa. Scorpaena, iri ba a tantance ba. Wakam, ƙasan duwatsu. Wanda ya kama, Ablay. Ƙayoyin baya an datse kafin a auna. Na ɗago, ta ce saura sunan wadda ta datse. Na rubuta, na naɗe takardar, na tura ta cikin alkol ta kwanta a gefen kifin.

Tana can har yau a kantar sama a Dakar. Sunana yana cikin kwalbar, na kifin ne babu.